Yadda Ake Dasa Kilematis Mai Furen Mayu da Kula da Shi a Lambun Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa yin watan Mayu a Ingila ya ga wannan fure, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ke lulluɓe shingen katako da rufin gareji, wani fari fat, wani ruwan hoda, fure ya yi yawa har ganye ya ɓace a ƙarƙashinsa. Yakan yi mako uku zuwa huɗu a haka, sannan ya zube ya bar kore. A takardar da masu sayar da tsirrai ke maƙala wa tukunya za ka ga an rubuta Clematis montana. Asalinsa ɗan tsauni ne, daga Himalaya har zuwa ƙasar Sin. Uwargidan Amherst, wanda ya yi gwamna-janar na Indiya, ita ta shigo da mai farin furen zuwa Ingila a 1831. Mai ruwan hodan kuwa Ernest Wilson ne ya kawo shi daga Sin a 1900.

Wannan bayani na 'yan'uwa ne mazauna ƙasashen sanyi, irin su Birtaniya, Ailan, Jamus, Holan, Faransa, Kanada da arewacin Amurka, masu ɗan fili a bayan gida da shinge tsirara da suka gaji da kallo. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram kada ya wahalar da kansa ya sa a kawo masa. Tsiron sai ya sha watannin sanyi na gaske, ya zubar da ganye ya huta, sannan yake fure, kuma saiwarsa ba ta son ƙasa mai zafi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai gama da shi. Bougainvillea ta fi dacewa da katangar gida a can nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan, domin sauran bayanin a kansa ya rataya. Kilematis mai furen Afrilu da Mayu a jikin reshen bara yake fure. Reshen da ya fito bana tsakanin Yuni da Satumba, ya ƙosa, ya sha sanyin hunturu, shi ne zai ɗauki furen baɗi. Wanda ya datse shi a hunturu ya zubar da furen shekara guda da hannunsa.

Mataki na farko: auna wurinka kafin ka tafi saye

Yawancin masu kuka da montana ba laifin tsiron ba ne, wuri ne suka ba shi wanda bai ishe shi ba. Idan ya kama ƙasa yana kai mita 8 zuwa 12. Gindi ɗaya tak ya isa ya rufe shinge mai tsawon mita shida ko fiye, ya haye na maƙwabci, ya shiga indararo, ya cusa kai ƙarƙashin rufi. Saboda haka ka fita da abin awo ka tsaya gaban wurin, ka san faɗinsa da tsayinsa, sannan ka zaɓa.

Idan doguwar katanga ce, ko gareji, ko babban itacen da ya riga ya tsufa, to montana ne naka. 'Elizabeth' da 'Mayleen' ruwan hoda ne masu haske, suna da ƙamshin banila wanda ke tashi sosai da rana ta ɗumama. 'Tetrarose' ya fi su girman fure da duhun launi. Wanda ake kira grandiflora fari ne, mai ƙarfin yaɗo ƙwarai, kuma yana jure katangar da ke fuskantar arewa. Akwai wilsonii, shi ma fari, wanda ke jinkiri har Yuni, don haka yakan tsallake sanyin daren da ke ƙone furen sauran. 'Freda' bai kai su ɓarna ba, ya dace da matsakaicin lambu.

Idan kuwa filin ƙarami ne, kamar yadda yake a yawancin gidajen jere na Landan, Bamingam da Mancesta, ni dai shawarata ka bar montana ka ɗauki Clematis alpina ko Clematis macropetala. Ba sa wuce mita 2 zuwa 3. Furensu na sunkuyar da kai, galibi shuɗi, yana fitowa tun Afrilu, bayan ya zube kuma sai ya bar tuntun iri mai gashi mai sheƙi wanda shi ma ado ne. 'Frances Rivis' da 'Pamela Jackman' shuɗaye ne, 'Markham's Pink' ruwan hoda. Alpina da macropetala sun fi montana jure sanyi, su ne zaɓin wanda ke Kanada ko Minesota ko arewacin Sikotland. A ganina an raina su ne kawai don ba su da hayaniyar montana, amma a ƙaramin gida sun fi shi kawo kwanciyar hankali.

Na huɗu shi ne Clematis armandii, mai dogon ganye mai kauri wanda ba ya zubewa a hunturu, farin furensa mai ƙamshi na fitowa tun Maris. Yana da kyau, sai dai ragon sanyi ne. In ba ka da katanga mai fuskantar kudu ko yamma wadda iska ba ta dukanta, ka haƙura da shi.

Sai maganar fuska. A waɗannan ƙasashe katangar da ke kallon kudu ita ta fi samun rana, mai kallon arewa ta fi inuwa. Montana da alpina suna yi a ko'ina muddin sama a buɗe take, amma fure ya fi yawa da ƙamshi inda rana ke sauka awa biyar ko shida. Ka guji kwari ko lungun da sanyi ke kwanciya da dare.

Kafin ka buga ƙusa ko ɗaya, ka tabbatar shingen naka ne. A Ingila sau da yawa shingen gefe ɗaya na maƙwabci ne, sai da izininsa za ka ɗaura wani abu a jiki. Mai haya kuma ya tambayi mai gida tukuna.

Mataki na biyu: wanda za ka ɗauko

Nemi tsiro ɗan shekara biyu a tukunya mai cin lita 2 ko 3, wanda rassa biyu ko uku suka fito daga gindinsa. Kada tsayi ya ruɗe ka. Gajere mai rassa uku ya fi dogo mai kara ɗaya. Ɗaga tukunyar ka duba ƙasanta, ya kamata ka hango saiwa ta leƙo ta hudojin. Idan ka ga hoton ɗan kofi a takardar, alama ce ta lambar yabon ƙungiyar masu lambu ta RHS, wato an gwada irin an ga yana yi ba tare da wahala ba. Duba kuma inda aka rubuta rukunin datsa: namu rukuni na 1 ne. Ajiye takardar nan a gida, za ta yi maka amfani.

Ƙananan da ake sayarwa da araha a manyan kantuna cikin 'yan tukwane ba su da laifi, sai dai jarirai ne. Ka mayar da su tukunya mai lita 2 ko 3 su yi shekara a wuri mai kāriya kafin su shiga ƙasa, in ba haka ba dodon koɗi zai cinye su a dare ɗaya.

Lokacin dashe biyu ne: Satumba zuwa Oktoba, ƙasa na da sauran ɗumi ga ruwan sama, ko Maris zuwa Mayu. Na kaka ya fi sauƙin ban ruwa. Armandii shi kam a bari sai sanyi ya wuce. Ba a dashe a ƙasar da ta daskare ko wadda ruwa ya kwanta a kai.

Mataki na uku: kafa abin hawa tun kafin rami

Kilematis ba ya manne wa bango da kansa. Ba shi kuma da zaren kamu irin na duma ko soso. Da wutsiyar ganyensa yake naɗe abin da ya taɓa, kuma wutsiyar gajeriya ce, ba ta iya zagaye abin da ya fi fensir kauri sosai. Wannan ne ya sa za ka ga an kafa masa katako mai faɗi amma ya zube ƙasa ya dunƙule.

A jikin bango ko shinge, ɗaura ƙusoshi masu zobe a kai, ka ja waya mai ƙarfi wadda ba ta tsatsa a kwance, layi-layi, tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin layi da layi, na farko kamar santimita 30 daga ƙasa. Wayar ta nisanci bango da santimita 5 don iska ta riƙa ratsawa ta baya, reshe kuma ya sami wurin zagayawa. Idan saƙar katako ka saya, ƙara mata siririyar waya ko raga a kai.

Ga montana, girgiza ginshiƙan shingen da hannu. In suna motsi, gyara su yanzu. Bayan shekara biyar nauyin rassan da ruwan sama ya jiƙa, ga iskar Janairu, sun isa su kwantar da shingen da ya ruɓe a gindi, kuma gyara a lokacin sai an sare tsiron.

Mataki na huɗu: rami da dashe

Fara da jiƙa tsiron. Nutsa tukunyar cikin bokitin ruwa minti 15 zuwa 20, har kumfa ta daina tashi.

Kada ka haƙa ramin a manne da bango. Gindin bango shi ne wuri mafi bushewa a lambu, domin rufi na tare ruwan sama, tubali kuma na tsotse danshi. Ja baya santimita 30 zuwa 45. Ramin ya ninka tukunyar faɗi sau biyu, zurfinsa ya ɗan fi nata, ka sassauta ƙasan ramin da gefunansa da shebur. Cakuɗa ƙasar da ka fitar da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki ko takin ganye. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, kada ya shiga ramin.

Idan ƙasarka laka ce mai danƙo, irin ta yawancin Landan, gwada ta: cika ramin da ruwa ka dawo bayan 'yan awoyi. In ka tarar ruwan na nan, to wurin zai ruɓar da saiwa a hunturu. Gyara fili mai faɗi da taki da tsakuwa ƙanana, ko ka ɗaga wurin ya zama ɗan tudu. Alpina da macropetala saiwarsu siririya ce, kwanciyar ruwa ta fi sanyi kashe su.

Yanzu zurfin dashe, inda shawarwari ke karo da juna. Za ka ji ana cewa a binne kilematis da zurfi, a nutsar da gindinsa santimita 5 zuwa 8. Gaskiya ne, amma ga masu manyan furanni na lokacin zafi, waɗanda wata cutar yaushi ke kamawa, ana binne su ne don su sake tohowa daga ƙasa. Namu na rukuni na 1 wannan cuta ba ta cika damunsu ba, zurfin kuwa na iya ruɓar musu da wuya. Saman ƙasar tukunya ya yi daidai da saman ƙasar lambu, ko ya nutse da kaurin yatsa ɗaya. Armandii daidai da daidai.

Juya tukunyar a tafin hannu ka zare ta a hankali, ka riƙe ƙasar ba karan ba, domin karan kilematis saurin karyewa gare shi. Sa safar hannu. Ruwan jikinsa na sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma duk jikinsa ba ya ciwuwa ga mutum ko kyanwa ko kare, sai a kula da yara ƙanana. Zaunar da shi a ɗan karkace zuwa bango, mayar da ƙasa, danna da hannu. Bar sandar gorar da ya zo da ita, ka jingina kanta da wayar farko ta zama masa tsani. Cire robobin da aka ɗaure shi da su a shago ka sake ɗaurewa da igiya mai laushi, sako-sako. Zuba masa ruwa bokiti guda.

Abu na ƙarshe a ranar dashe shi ne inuwar gindi. Tsiron na son kansa a rana, saiwarsa a sanyi. Shimfiɗa ruɓaɓɓen taki ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kewaye, amma kada ya taɓa karan. Wasu na jera fale-falen duwatsu, sai dai ƙarƙashinsu dodon koɗi ke kwana. Na fi son a dasa wani gajeren tsiro ta gefen da rana ke bugowa, shi ya yi inuwar.

Mai son ya hau da montana kan itace ya dasa shi aƙalla mita ɗaya daga kututturen, inda saiwar itacen ba ta cinye danshi duka ba, ya ja igiya daga gindin zuwa reshen farko. Itacen ya zama babba. Ƙaramin tuffa ko ceri montana zai danne shi ya hana shi haske. Irin wannan alpina ake ba shi.

Mataki na biyar: shekara biyun farko

Ruwa shi ne aikin. Daga Afrilu zuwa Satumba, duk makon da ba a yi ruwan kirki ba, ba shi lita 10 a gindi sau ɗaya ko sau biyu, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafi kullum ba ya kai wa saiwa, sai ma ya jawo ta sama inda za ta ƙone. Kada yayyafin Ingila ya yaudare ka. Tura yatsa cikin ƙasar gindin bango ka ji da kanka. Da yawanmu kan tafi gida hutun Yuli da Agusta, daidai lokacin da sabon dashe ya fi ƙishi, a wasu shekarun ma kamfanonin ruwa na kudancin Ingila kan hana amfani da tiyo. Kafin tafiya ka shayar da shi sosai, ka ƙara kaurin rufin gindi, ka roƙi wani ya riƙa zuba masa bokiti ɗaya duk mako. Bayan shekara biyu zuwa uku montana na neman ruwansa da kansa sai in fari ya yi tsanani.

Sai datsar farko, wadda hannu ke nauyin yi. Idan tsironka kara ɗaya ne ko biyu, da zarar ya gama ɗan furensa na farkon shekarar da ta biyo bayan dashe, yanke shi ya rage santimita 30 daga ƙasa, daidai saman gaɓa mai idanu biyu lafiyayyu. Kowane ido zai fitar da reshe. In ba ka yi haka ba zai miƙe zuwa saman shinge da kara ɗaya, fure ya taru can sama, ƙasa ta zauna tsirara har abada. Wanda ya zo da rassa uku ko huɗu daga gindi ba ya buƙatar wannan.

Sabbin rassan kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mako ɗaya ko biyu a Mayu da Yuni ka bi su, ka raba su hagu da dama, ka kwantar da su a jikin wayoyin ƙasa kafin ka bar su su hau. Reshen da aka kwantar yana fitar da ƙananan rassa a tsawonsa duka, kowanne da furensa. In ka bar su mako uku ba ka duba ba, za su naɗe juna su zama curi, rabuwa kuma sai da karaya.

Mataki na shida: aski, da lokacinsa

Rukuni na 1 ba dole ne a datse shi kowace shekara ba. In yana da wuri, ƙyale shi. In ya wuce iyaka, lokacin aski ɗaya ne: da zarar fure ya gama zuba, wato ƙarshen Mayu ga alpina da macropetala, Yuni ga montana. Da wuri ya fi, domin kowane mako da ka jinkirta ka rage wa sabon reshe lokacin ƙosawa kafin sanyi. In Yuli ya ƙare ba ka yi ba, bar shi sai baɗi, sai dai reshen da ya shiga indararo ko ya tare taga.

Fara da leƙa cikin curin. Tsuntsaye na son yin sheƙa a tsohon montana, kuma daga Maris zuwa Agusta lokacin ƙyanƙyasa ne. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan. Ko ba doka ma, ba abin yi ba ne. In ka ga sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, bar wannan ɓangaren har su tashi.

Daga nan cire busassun rassa da karyayyu. Sannan rage waɗanda suka wuce iyaka, kana yankewa daidai saman gaɓa. Babban montana ba ya buƙatar lallaɓawa, ana iya bi ta kansa da babban almakashin shinge a rage masa kauri. Alpina da macropetala da ƙaramin almakashi ake bin su, a ɗan taɓa kawai. In ka aske su duka ka rasa tuntun irin nan mai kyau. Armandii yakan tara busasshen ganye mai ruwan ƙasa a ciki, sai a cire da hannu.

Haɗarin na zuwa ne a Fabrairu. A lokacin montana da alpina sun zubar da ganye, rassan sun yi fari-fari, ɓawonsu na saɓulewa, duk wanda ya gani zai rantse sun mutu. A daidai watan kuma za ka hango maƙwabci na sare nasa kilematis har gwiwa. Shi daidai yake yi, domin nasa mai furen Yuli da Agusta ne, irin su 'Jackmanii', 'yan rukuni na 3 masu fure a jikin sabon reshe. Kai in ka kwaikwaye shi ba za ka ga fure ba a Mayu. Ka sanar da mutanen gida da duk wanda ake kira gyaran lambu. Mai shakkar ko reshe na da rai ya kankare ɓawonsa kaɗan da farce. In ya ga kore a ciki, lafiyarsa lau.

Wanda ya tare a gida ya gaji tsohon montana da ya zama tulin busassun rassa, fure can a sama kawai, yana iya sabunta shi. Bayan fure, sare shi ya rage kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, ka kwashe tulin, ka ba shi ruwa da taki. Galibi yakan toho da ƙarfi cikin makonni, amma furen baɗi zai yi ƙaranci, kuma tsoho tukuf wani lokaci ba ya farfaɗowa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba aikin: sare rabin manyan rassan bana, sauran baɗi. Bayan irin wannan sara a ba shi aƙalla shekara uku kafin a maimaita.

Taki

Ba ya son da yawa. A Maris barbaɗa ɗan takin da ake sayarwa don furen wardi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalin, ka sabunta rufin gindi. Takin da naitirojin ya yi wa yawa, kamar na ciyawar fili, ganye zai ba ka ba fure ba, don haka kada ya kai gindinsa. Montana da ya kafu a ƙasa mai kyau rufin gindi kaɗai ya ishe shi.

Idan wani abu ya faru

Sabon toho ya ɓace cikin dare, ko an kankare ɓawon kara a gindi: dodon koɗi ne da ɗan'uwansa marar ƙoƙo. Fita da tocila bayan magariba ka tsince su. In za ka sa magani, nemi mai sinadarin ƙarfe. Mai metaldehyde an haramta shi a Birtaniya tun Afrilun 2022.

Ƙullin fure ya yi baƙi ya lanƙwashe a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu: sanyin dare mai daskarar da raɓa ne ya ƙone shi. Tsiron bai mutu ba, furen bana ne ya ragu. Ƙaramin tsiro ana iya lulluɓe shi da yadi marar nauyi a daren da aka yi hasashen sanyi, a yaye da safe.

Wani ruwa mai kauri da wari, fari ko ruwan hoda-hoda, na tsiyaya daga kara kusa da gindi, ganyen sama kuma ya yi yaushi: wannan na samun montana idan sanyi ko iska sun tsaga kara a lokacin da ruwan jikinsa ke hawa, ƙwayoyin cuta suka shiga. Yanke karan ƙasa da wurin, inda itacen ke da tsabta, ka wanke almakashin. Sau da yawa yakan sake fitowa daga ƙasa, don haka kada ka yi gaggawar tumɓuke shi.

Farin gari a kan ganye a lokacin zafi alama ce ta ƙishi a saiwa da rashin iska. Ƙananan ƙwarin da ke taruwa a kan toho kuwa a murje su da yatsa ko a wanke da ruwa, tsuntsaye za su ƙarasa sauran.

Ganye shar amma babu fure: tambayi kanka wane wata aka datse shi, wane taki ya ci, awa nawa rana ke samunsa. In duk lafiya, wataƙila ƙuruciya ce. Sai shekara ta uku yake nuna kansa sosai.

Mai baranda ko tsakar gida mai siminti

Montana ba na tukunya ba ne. Alpina ko macropetala za su yi, a tukunya mai zurfi da faɗin aƙalla santimita 45, mai hudoji, wadda aka ɗora kan 'yan duwatsu don ruwa ya fita. Cika ta da ƙasar tukunya da ake sayarwa da sunan John Innes mai lamba 3, da ɗan tsakuwa. Baƙar roba na ɗaukar zafi, sai a kāre ta da wasu tukwane. Ban ruwa a nan kusan kullum ne a lokacin zafi, da takin tumatir na ruwa duk mako biyu daga bayan fure zuwa Agusta. Kowane Maris kwashe santimita 5 na ƙasar sama ka zuba sabuwa.

Yadda za ka sami na kyauta

Montana na da sauƙin haifarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce kwantar da reshe. A Mayu ko Yuni zaɓi dogon reshe mai laushi kusa da ƙasa, ka ɗan kankare ɓawonsa kusa da wata gaɓa, ka kwantar da gaɓar cikin ƙasa ko cikin tukunyar da ka binne, zurfin santimita 5 zuwa 8. Danne ta da lanƙwasasshiyar waya, ka bar kan reshen a waje ɗaure da 'yar sanda. Kada wurin ya bushe. Uwar ce ke ciyar da shi har ya yi saiwa, shi ya sa ba ya cika faɗuwa.

Ta yanka kuma, a Yuni ɗauki reshen bana wanda ya fara tauri amma bai zama itace ba. Yanke daidai saman gaɓa, sannan santimita 4 zuwa 5 ƙasa da ita. Cire ganye ɗaya daga cikin biyun, soka karan cikin ƙasa mai yashi har gaɓar ta zauna a saman ƙasa. Jera huɗu ko biyar a gefen tukunya ɗaya, rufe da farar leda, ajiye a wuri mai haske wanda rana ba ta bugawa kai tsaye. Cikin mako huɗu zuwa takwas saiwa za ta leƙo ta ƙasa, sai ka raba su kowanne da tukunyarsa su yi hunturu a wuri mai kāriya.

Wanda aka kwantar kuwa sai ya shekara. Ja shi kaɗan, in ka ji ya riƙe ƙasa, yanke tsakaninsa da uwar ka haƙo shi da ƙasarsa. In kyauta za ka bayar, rubuta sunan irin a 'yar takarda, da tsayin da yake kaiwa, da cewa ba a datse shi sai bayan fure.